SANA'A SA'A: Konet, Gajeren Ƙaho Mai Doguwar Hanya

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon faretin 'yan sanda ko na soja ya san yadda badujala take shigowa fili, ganguna suna tashi, ƙahoni suna ƙyalli a rana, mai sanda a gaba yana jefa ta sama yana cafewa. Galibin 'yan kallo ba su rarrabe ƙahonin nan, duk abin da aka kafa a baki aka busa begila ne a wurinsu. Amma wanda ya duba tsofaffin hotunan badujala irin ta Ingila, wadda Turawa suka yaɗa a ƙasashen da suka mallaka, zai ga wani ƙaho gajere, dunƙulalle, wanda bai kai kamu guda ba, da maɓallai uku a gadon bayansa. Sunansa konet. Waɗanda aka ƙera tun kafin Yaƙin Duniya na Farko sun haura shekara ɗari yanzu, da yawansu kuwa har gobe suna busuwa. Abin takaici shi ne irin waɗannan tsofaffi sukan faɗa hannun wanda bai san yadda aka gina su ba, ya ɗauki dabarar maƙeri a kan aibi, garin gyara ya kashe ƙaho.

Gajartar konet yaudarar ido ce. Da za a kwance shi a miƙe bututunsa sambal, tsawonsa zai tasam ma mita ɗaya da rabi, daidai da na ɗan'uwansa tiramfet, wanda ya fi shi tsawo a ido. Naɗe shi aka yi kamar gammo don ya zauna a hannu.

Kafin a gane amfanin maɓallan nan uku sai an tuna da kakakin fada. Kakaki ba shi da huda ko maɓalli. Leɓen mai busa ke kaɗawa, iskar da ke cikin bututu ta amsa, kowane bututu kuwa akwai muryoyin da tsawonsa ya yanke masa, ba ya ƙetare su. Shi ya sa kakaki ke yawo tsakanin murya biyu ko uku, begilar soja kuma ba ta cika wuce biyar ba. Wannan ya isa a yi wa sarki kirari ko a ta da soja daga barci, amma bai isa a bi waƙa daga farko har ƙarshe ba. Mabusan Turai sun daɗe cikin wannan ƙunci. Dabararsu ta da ita ce su riƙa yawo da guntayen bututu a jaka, in waƙa ta sake sai a tsaya a cire wannan a jona wancan.

Jamusawa biyu ne suka kawo mafita, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, dukansu mabusa, waɗanda suka sami takardar mallakar dabararsu a Balin a 1818. Abin da suka yi shi ne suka dasa guntayen bututun nan a jikin ƙahon, suka sa wa kowanne bawul. Muddin ba a taɓa bawul ba, iska tana bin hanyarta ta kullum. Da an danna shi sai ya karkatar da ita ta zaga cikin guntun bututu kafin ta komo kan hanya, watau ƙaho ya ƙara tsawo cikin ƙiftawar ido, murya kuwa ta sauka. Wajen ƙarshen shekarun 1820 maƙeran Faris suka ɗauki ɗan naɗaɗɗen ƙahon da masu keken dokin gidan waya ke busawa in sun doso gari, suka sa masa bawul biyu, daga baya aka ƙara na uku. Haihuwar konet ke nan.

Lissafin bawul ukun abin sha'awa ne. Turawa sun raba hawan murya taki goma sha biyu kafin ta komo irin ta farko a sama. Bawul na tsakiya yana sauke murya taki ɗaya, na farko taki biyu, na uku taki uku. In aka haɗa su ana samun taki huɗu, da biyar, da shida. Giɓi mafi faɗi tsakanin muryoyin asali da ake amfani da su taki bakwai ne, saboda haka yatsa uku sun isa su cike kowane gurbi.

Bawul na Stölzel yana da wata nakasa: iska tana shiga ta gindin fistin, ta bi tsawonsa, sa'an nan ta yi kwana mai kaifi, murya ta fito a shaƙe. Wani Bafaranshe, François Périnet, shi ya gyara wannan gab da 1840. Ya huda fistin a gicciye, ya dasa 'yan bututu masu lanƙwasa a cikinsa, yadda iska za ta ratsa ba tare da cin karo ba. Fasalinsa ne ake bi har yau a kusan kowane konet da tiramfet, in ban da ƙasashen Jamusawa inda suka fi son bawul mai juyawa.

To, in tsawonsu ɗaya, bawul ɗinsu ɗaya, me ya raba konet da tiramfet? Cikin bututu ne. Na tiramfet yakan yi doguwar tafiya da faɗi ɗaya kafin ya buɗe, shi ya sa muryarsa take da kaifi, tana huda kunne. Na konet kuwa yana farawa siriri ƙwarai, ya yi ta buɗewa sannu sannu kamar ƙahon sa, har ya ƙare da baki mai siffar mazurari. Ɗan ƙoƙon da ake kafa leɓe a kai ma ya bambanta, na tsohon konet yana da zurfi, cikinsa ya zube kamar mazubi, na tiramfet kuwa bai kai shi zurfi ba. Daɗin daɗawa, tsofaffin maƙera sukan yi wa bututu wata babbar lanƙwasa daga baya kafin ya miƙe zuwa mazurari, wadda Ingilishi suka kamanta da sandar makiyayi. Duk waɗannan sun taru sun ba konet murya mai taushi, mai zagaye, wadda ta fi kusa da muryar mawaƙi. Da gangan aka gina shi haka. Wanda ya busa tsohon konet ya ce ba shi da ƙara, ya auna shi ne da ma'aunin da ba nasa ba.

Aikin maƙera shi ne inda labarin ya fi daɗi, kuma maƙeran fari na Kano ko masu tagulla na Bida za su gane mafi yawansa ba tare da tafinta ba. Tagullar da ake amfani da ita haɗi ce ta jan ƙarfe da tutiya, galibi kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya. Akwai mai kashi 85 na jan ƙarfe, wadda ta fi ja, ta kuma fi jure tsatsa. Ba zubi ake yi ba. Falle ne na tagulla, kaurinsa kamar rabin milimita, a ɗora masa ma'auni a yanko shi da almakashi, siffarsa kamar doguwar riga mai faɗin ƙasa. Sai a naɗe shi gefe ya sadu da gefe. A gefe ɗaya akan yi 'yan tsage-tsage kamar haƙora, a tura ɗaya gefen a tsakaninsu su cije shi, sa'an nan a zuba sinadari mai ƙarfi a hura wuta har ya narke ya bi ɗinkin. Daga nan sai guduma. Za a yi ta bugun ɗinkin har kaurinsa ya zo daidai da sauran jiki, a sa abin a kan wani dogon ƙarfe mai siffar cikin ƙaho, a ci gaba da bugu da gudumar katako.

Tagulla tana da hali, in ta sha bugu sai ta taurare, in aka matsa mata ta tsage. Tilas maƙeri ya riƙa tsayawa yana mai da ita wuta har ta yi ja-ja, ta huce, ta yi laushi, kana ya koma bugu. Sau nawa za a yi haka, da kuma inda za a tsaya, babu littafin da ke faɗa, ido da kunne ke hukunci. Bayan haka sai a ɗaura mazurarin a injin juyi, yana juyawa maƙeri yana danna shi da sandar ƙarfe mai santsi har ya kwanta luf a jikin ma'auni. A ƙarshe a naɗe leɓensa a kan zoben waya don kada ya lanƙwashe. Wanda ya duba tsohon konet da azurfarsa ta goge yakan ga wani layi mai haƙora yana bin tsawon mazurari, launinsa ya ɗan bambanta. Sau da yawa akan ɗauka tsaga ce aka liƙe, alhali kuwa ɗinkin asali ne, shaidar aikin hannu.

Lanƙwasa bututu wata wahala ce dabam. Kowa ya san in aka lanƙwasa karan dawa ɗanye sai ya karye ko ya maƙure. Haka siririn bututun tagulla. Saboda haka akan cika shi da narkakkiyar darma ko baƙin ƙaro, a bari ya daskare, a lanƙwasa shi a jikin ma'auni kamar sanda, a bi tamojin da ya taso a cikin kwana da ƙaramar guduma a kwantar, sa'an nan a narkar da cikon a zubar. Wasu masana'antu na wannan zamani ruwan sabulu suke daskarwa a ciki, don ya fi tsabta, ba shi kuma da dafin darma.

Gidan bawul shi ne zuciyar ƙaho, nan ne kuma ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ana so fistin ya yi sama da ƙasa ba tare da tangarɗa ba, amma kada iska ta sami hanyar sulalewa ta gefensa. Ratar da ke tsakaninsa da gidansa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Da hannu ake samun wannan: a shafa wa fistin wani lallausan gari da mai, a yi ta zura shi ana murzawa har ya zauna. Ke nan kowane fistin da gidansa aka yi masa aure, shi ya sa ake buga musu lamba 1, 2, 3. In aka sauya musu gida ƙaho ya toshe. Sifirin ke mai da fistin sama, 'yan zobban toshiya da na ƙyalle mai kauri kuma su ke tsai da shi daidai inda hudarsa za ta fuskanci ta gidansa. Da an gama sai a harhaɗa gaɓoɓin duka da sinadari mai laushi, na kuza da darma, wanda ƙaramar wuta ke narkarwa. An zaɓi mai laushin ne don a iya kwance ƙaho a gyara a mayar. Sa'an nan a goge, mai zane ya zo da ɗan kurfinsa ya zana furanni da sunan masana'anta, a tsoma a ruwan azurfa, na manyan mabusa har da zinariya.

Aikin hannu yana da nasa cikas, ƙaho biyu daga hannun mutum guda ba su cika fitowa iri ɗaya ba. Gustave Besson, maƙerin Faris, ya yi suna ne saboda maganin da ya nemo wa wannan. Ya ƙera ma'aunai na baƙin ƙarfe masu siffar cikin ƙahon da ya fi gamsar da shi, ya sa kowane sabon ƙaho a jikinsu za a ja shi, ya kira tsarin Prototype, sunan da ake gani a zane a kan ƙahoninsa. Shari'a da Adolphe Sax, mai saksofon, wanda ya sha kai maƙeran Faris kotu kan mallakar dabaru, ita ta kore shi zuwa Landan a 1858, matarsa ta ci gaba da riƙe masana'antar Faris. Asarar Faransa ta zama ribar Ingila. A Faris kuwa gidan Courtois ya ci gaba da fitar da konet masu ɗauke da sunayen mashahuran mabusa, kamar Arban da Levy, waɗanda maƙeran wasu ƙasashe suka yi ta kwaikwayo. A Amurka wani mai suna Charles Conn, na garin Elkhart a jihar Indiyana, faɗa ya yi aka fasa masa leɓe, ya ƙera wa kansa ƙoƙon busa mai bakin roba don ya ci gaba da busa. Ya yi rajistar dabarar a 1875, ya ɗauko wani maƙeri Bafaranshe suka fara ƙera konet, kafin a jima garin ya zama cibiyar ƙera ƙahoni ta Amurka.

Wa ke sayen duk waɗannan? Talakawa ne galibi. Konet bai da wuyar koyo kamar goge irin na Turawa, yatsa uku yake bukata, ko da yatsun sun yi kanta. Ma'aikatan masaƙu da na ramukan kwal a arewacin Ingila suka kafa ƙungiyoyin busa, ana sayar musu da ƙahoni biya sannu sannu. A 1853 aka fara gasar Belle Vue a Manchesta, a 1855 mai masaƙar Black Dyke ya kafa ƙungiyar da har yanzu take busa. Har yau irin waɗannan ƙungiyoyi konet kusan goma suke jerawa, ba su kuwa yarda da tiramfet ko ɗaya. Manyan masana kiɗa sun ɗan raina shi, suna ganin ƙahon gidan rawa ne. Hector Berlioz ya kushe shi a littafinsa, amma bai fasa rubuta masa kiɗa ba, wanda ya nuna raini bai hana bukata. Jean-Baptiste Arban ne ya ɗaga darajarsa, ya wallafa littafin koyon busa shi a 1864, ya zama malaminsa a babbar makarantar kiɗa ta Faris a 1869. Littafin nan har yau shi ake ba ɗalibai, har da masu koyon tiramfet.

Akwai wani aibi na gaskiya a jikin konet, wanda ba laifin maƙeri ba ne, na lissafi ne. An yanka kowane guntun bututu daidai da tsawon ƙaho lokacin da ba a danna kome ba. Amma da an danna bawul ɗaya ƙaho ya riga ya ƙara tsawo, saboda haka guntu na biyu ya yi masa kaɗan. In aka danna ukun gaba ɗaya, abin da ya rage a cika ya kai kimanin santimita shida, murya ta fito sama da inda ake nufi. Tsofaffin maƙera sukan ɗan ƙara wa guntu na uku tsawo don a raba asarar, sauran kuwa a bar wa leɓen mai busa. David Blaikley, na kamfanin Boosey, ya yi rajistar wata dabara a 1878 wadda ke ƙara tsawon da kanta, amma ta fi karɓuwa a manyan ƙahoni masu kauri. A konet abin da ya zauna daga baya shi ne ɗan zobe ko maɗanni da ake tura guntu na uku da shi ana cikin busa. Mafi yawan tsofaffi ba su da shi.

In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Da aka shiga ƙarni na ashirin ɗakunan rawa suka ƙara girma, ƙungiyoyin kiɗa suka ƙara yawa, aka shiga neman murya mai ratsa hayaniya. Mabusan jaz na farko a New Orleans, irin su Buddy Bolden da King Oliver, konet suka busa. Louis Armstrong ma da shi ya koya a gidan horon yara a 1913, amma wajen 1926 ya koma tiramfet, matasa kuwa suka bi shi. Herbert Clarke, babban mai konet na ƙungiyar Sousa, ya rubuta wa wani saurayi, Elden Benge, wasiƙa a 1921 yana hana shi komawa tiramfet, yana ganin yayi ne mai wucewa. Saurayin bai ji ba, ya zama gwanin tiramfet, daga baya ma ya buɗe masana'antar ƙera shi. Maƙera da kansu suka bi kasuwa, suka riƙa miƙe konet suna tsawaita shi, suka jefar da sandar makiyayi, har wasu na tsakiyar ƙarnin sai an duba da kyau kafin a raba su da tiramfet.

Abin da ya fi jawo wa tsohon konet baƙin jini shi ne maganar ma'aunin murya. Wani zai same shi, ya wanke, ya shiga cikin 'yan'uwa ya busa, sai a ji shi yana sama da kowa, kome ƙoƙarinsa, a yanke hukunci ƙaho ya lalace. Ashe lafiyarsa lau. A da kowace ƙasa da ma'auninta. Faransa ta tsai da nata a 1859, cewa muryar da ake daidaita kayan kiɗa da ita ta kaɗa sau 435 a sakan. Ingila ta daɗe a kan wajen 452. Sai a 1939 aka yi taro a Landan aka amince da 440, duk da haka ƙungiyoyin busa na Ingila suka riƙe tsohon ma'auninsu har tsakiyar shekarun 1960, lokacin da masana'antu suka daina ƙera irinsa. Bambancin kusan rabin taki ne, ya yi yawa ga leɓe ya rufe, maganinsa kuwa ƙarin bututu ne na kimanin santimita huɗu. Maƙeran Amurka na wancan zamani sukan sa bututun daidaitawa iri biyu a cikin akwatin ƙaho, dogo da gajere. Haka kuma tsofaffi da yawa ba a kafa musu ƙoƙon busa kai tsaye, sai an fara jona wani siririn wuya mai cirewa, akwai gajere akwai dogo. In wuyan nan ya ɓata, ƙaho ya zama bebe, ko da kome nasa lafiya.

Sauran masu kashe shi sanannu ne. Na farko mai walda, wanda wutarsa ta yi wa sinadarin kuza yawa, yana liƙe gaɓa ɗaya uku na kwancewa, fallen rabin milimita kuwa ya huje nan take. Na biyu mai son ƙyalli, da zai bi shi da toka ko yashi ko takardar gurza, azurfa ta tafi, zanen ya tafi, lambar da ake gane shekarar ƙira da ita ta shafe. Wanda ya gurji fistin don ya ga yana maƙalewa ya fi su duka ɓarna, domin abin da ya goge ba ya komowa sai an sake yi masa rufi an sake murza shi a gidansa. Na uku yawun mai busa da aka bari ya kwana a ciki shekara da shekaru, yana cinye tutiya daga cikin tagulla ya bar jan ƙarfe mai raraka. Alamarsa 'yan jajayen ɗigo a wuyan ƙaho, kusa da inda ake busawa, kuma daga ciki suke fitowa, goge su ba ya magani, sai dai a sake wuyan. Mai son ya san ko bawul ɗin tsohon konet na da sauran rai, sai ya shafa wa fistin mai, ya zare guntun bututu ɗaya da sauri ba tare da ya danna kome ba. In ya ji ƙarar "fau" kamar an buɗe kwalba, iska ba ta zurara, maƙerin da ya murza fistin ɗin shekara ɗari da suka wuce ya yi aikinsa daidai. In kuwa ya zaro shi shiru, to, akwai aiki a gaba.